Zafi, Ambaliya da Hazo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wuta, Ruwa da Hanyoyin Kano

Kano tana da lokuta uku na gwaji a kowace shekara: zafin bazara daga Maris zuwa Mayu, marka a watan Agusta, sai hazo da iskar hunturu daga Disamba. Babu sabo a cikinsu. Abin da ya sauya shi ne tsananin da suke zuwa da shi, da kuma yawan jama'ar da abincinsu da lafiyarsu suka rataya a kan layin wuta ɗaya, bututu ɗaya, gada ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Waɗanne abubuwa ne aka fi jin tsoron yanayi ya taɓa a gari kamar Kano?

Waɗanda in sun tsaya sai su tsayar da wasu. Tashar wuta ta Kumbotso, inda babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 yake sauka daga Kaduna, da ƙananan tashoshi irin na Ɗan Agundi da Dakata. Matatun ruwa na Tamburawa da Challawa da Watari. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Manyan hanyoyin Zariya, Maiduguri, Katsina da Haɗeja da gadojinsu. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Manyan asibitoci, turakun sadarwa, da kasuwannin da ƙasashe maƙwabta ma suke ci daga gare su, wato Dawanau, Kantin Kwari, Singa da Sabon Gari.

Hatsarin yana cikin yadda suke riƙe da juna. Iska ta ka da turke, wuta ta tafi. Injinan tura ruwa suka tsaya, famfo ya ɗauke. Mai burtsatse a unguwa ya koma janareta, ya ƙara wa ɗan ga-ruwa kuɗi, shi kuma ya ƙara wa mai gida. Asibiti na sayen ruwa a tanka da dizal a lokaci guda. Duk wannan daga iskar da ba ta wuce rabin sa'a ba.

Ai dama Kano garin zafi ne. Mene ne sabo?

Gaskiya ne, digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne a nan. Amma duniya baki ɗaya ta ƙara zafi. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da kimanin digiri 1.5 sama da yadda ake kafin zamanin masana'antu. A ranar 3 ga Afrilun shekarar, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Yankinmu ɗaya da su, iskarmu ɗaya.

Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba, amma kowane digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa na kusan kashi 7 cikin 100. Ruwan da aka tara a sama kuwa sai ya sauko. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ba lallai ne ruwan shekara ya fi na da yawa sosai ba, amma yana zuwa ne a dunƙule: a yi kwanaki babu ɗigo, sai a yi na mako guda a dare ɗaya. Magudanan ruwa da kwalbatocinmu kuwa an auna su ne da ruwan da.

Me ya sa wuta ta fi yin tsiya a bazara, lokacin da aka fi buƙatarta?

Dalilan sun taru ne a wata ɗaya. Na farko lodi. Kowane gida ya kunna fanka, mai hali ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, masu ƙanƙara da firiza suna aiki ba dare ba rana, musamman a shekarun da azumi ya faɗo kusa da bazara. Taransfomar da aka kafa don gida ɗari, yau gida ɗari uku ke rataye a jikinta.

Na biyu, ita kanta taransfomar zafi yana cin ta. A cikinta akwai naɗin waya da aka lulluɓe da takarda ta musamman, an tsoma cikin mai. Man ne ke kwashe zafi ya kai shi jikin ƙarfe, iska ta ɗauke. In iskar waje ta kai digiri 42, ba abin da za ta ɗauke. Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan haka: kowane ƙarin digiri 6 a wurin da ya fi zafi a cikinta yana ninka saurin tsufan takardar. A da dare yana ba ta damar hucewa. Yanzu da siminti da kwalta da rufin kwano suka mamaye gari, suna sakin zafin da suka sha da rana har asuba, ga lodi ya fi yawa da daddare, hutun nan ya ragu. Shi ya sa taransfoma take yawan tashi a Afrilu da Mayu. Ba ranar ta fara lalacewa ba, ranar ce ta ƙarasa.

Na uku yana can nesa da mu. Madatsun da ke ba da wuta, Kainji (1968), Jebba (1985), Shiroro (1990) da sabuwar Zungeru, ruwansu ya fi ja baya a ƙarshen rani. Tashoshin gas na kudu, waɗanda su ne ke ba da mafi yawan wutar ƙasar, su ma ƙarfinsu yana raguwa in iskar da injin ke shaƙa ta yi zafi. Wayoyi kuma suna saki su yi lanƙwasa in sun ɗumama, dole a rage abin da ake turawa ta cikinsu.

Sai farkon damina, lokacin da hadari yake tasowa daga gabas da iska mai ƙura a gabansa. Ita ce mai karya turaku, ta yaye rufin kwano ta jefa a kan layi.

Wani abin lura: a Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke bi ta Makurɗi ya samu matsala. Wannan aikin ɓarna ne, ba yanayi ba. Amma ya nuna mana yawan hanyoyin da wuta ke bi ta iso Kano, kuma ba su da yawa. Abin da ɓarayi suka yi wa turke, iska da zaizayar ƙasa ma suna iya yi masa.

To sola ba ta raba gardama ba?

Ta rage, ba ta raba ba. Kano tana da rana, kuma akwai tashar sola mai megawat 10 a Challawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a farkon 2023. Sai dai faifan sola haske yake so, ba zafi ba. An auna ƙarfinsa ne a digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Faifan da ke kan rufin kwano da azahar a Afrilu yana iya haura digiri 60. Ƙurar hunturu tana rufe shi, sai an riƙa wankewa. Batir mai ruwa kuwa, in ana ajiye shi a ɗakin da ya fi digiri 25 da kamar digiri 10, rabin kwanansa zai yi. Masu ajiye inbata da batir a ƙarƙashin matakala ko sito marar taga su ne suka fi kukan an sayar musu da jabu. Wani lokaci jabun ne, wani lokaci ɗakin ne.

Sannan a ɗaure faifan da kyau. Iskar Mayu ba ta bambance kwano da sola.

Ruwan sa'a biyu sai titi ya zama kogi. Sauyin yanayi ne, ko shara ce?

Duka biyun, amma a ganina mu muka fi yanayi laifi a nan, kuma bai kamata a bar wani jami'i ya fake da sauyin yanayi ba.

Tsohon birnin Kano yana da tsarinsa na sarrafa ruwa, ko da ba injiniya ne ya zana ba. Ƙasar da aka haƙa aka gina gidaje da badala ta bar kududdufai a kusan kowace unguwa. In an yi ruwa, indararo ya zuba a lungu, lungu ya kai kududdufi, in ya cika ya malala zuwa Jakara. Kududdufin yana riƙe ruwa na kwanaki, yana tsiyaya shi cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. E, yana tara sauro da ƙazanta, ba wanda ya musa. Amma da aka cike su da bola aka yanka filaye aka gina shaguna, ba a tanadi abin da zai yi aikinsu ba. Ruwan bai san an sayar da filin ba. Can zai nufa.

Ga kuma yadda gari ya faɗaɗa zuwa Kumbotso, Ungogo da gaba, wurare da yawa ba tare da an fitar da hanyar ruwa kafin a yi gini ba. Tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok, titi kwalta. Ruwan da ƙasa take sha a da, yanzu gaba ɗayansa kwata yake nema, ita kuma kwatar cike take da ledar fiya wata da yashi. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu sun yi ta nuni da gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Masu bin titin Katsina sun san halin shataletalen Baban Gwari in hadari ya sauka.

Gadojin ƙasa da aka gina a shekarun nan, irin na Kabuga, Gadon Ƙaya da Ɗangi, sun rage cunkoso, amma kowace gadar ƙasa rami ce. Lafiyarta tana ga magudanarta, da injin zuƙe ruwa in tana da shi, shi kuma injin yana buƙatar wuta a daidai lokacin da hadari ya sa aka ɗauke ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa mai ƙarfi zai ƙaru, wannan ba a hannunmu yake ba. Tsagar ce tamu. Matsalar ita ce yashe kwata ba ya da bikin buɗewa, ba a yanka kyalle, ba a sa sunan kowa a allo, don haka kasafin kuɗi ya fi son sabon gini a kan kula da tsoho.

Bayan abin da ya faru a Maiduguri, shin Tiga ma tana iya ɓallewa?

Tambayar tana kan hanya, domin mun taɓa gani a gida. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta cinye gidaje da gonaki da rayuka. A ranar 10 ga Satumban 2024 ta Alau, da ke kusa da Maiduguri, ta yi haka, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa da kasuwa da gidan namun daji, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka fice. Shekara guda kafin nan, madatsu biyu sun ɓalle a kan garin Darna na Libiya, dubban mutane suka mutu a dare ɗaya.

Tiga an gina ta ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, bayan an fara ɗanɗana farin wancan lokaci, don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ta Challawa da ke Ƙaraye an kammala ta a 1992. Dukansu na ƙasa ne, wato tarin ƙasa da dutse da aka daddaɓe, ba bangon kankare ba. Irin wannan madatsa abu biyu ke kashe ta. Ko dai ruwa ya fi ƙarfin mafitar da aka yi masa ya haura ta saman bango, ya zaizaye shi cikin sa'o'i, ko kuma ya riƙa tsatsafowa ta ciki a hankali yana jan ƙasa har ya yi rami. Saiwar bishiya, gidan gara da ramin dabba duk suna taimaka wa na biyun. Laka da ke taruwa a ƙasa kuma tana rage wurin da ruwan zai zauna. Bayan Bagauda, a farkon shekarun 1990 an rage tsayin mafitar Tiga don a sauƙaƙa wa bangon nauyi.

Madatsar da ta haura shekara 50 ba ta zama abin tsoro don tsufa kawai ba. Abin tambaya shi ne: yaushe aka duba ta na ƙarshe, wa ya duba, ina rahoton, ƙofofinta suna buɗuwa, kuma in za a saki ruwa wa ake sanarwa? Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, ita ke da alhakin waɗannan madatsu biyu, kuma 'yan majalisa da 'yan jarida suna da ikon su nemi waɗannan amsoshi kafin damina, ba bayanta ba.

Game da birni kuwa, kogin da ke ɗauke da ruwan madatsun ta kudu yake wucewa, ta Tamburawa ya nufi Wudil, daga nan Ringim da Haɗeja. Waɗanda ke bakin kogi su ne a gaba. Amma matatar ruwa tana can, gadar hanyar Zariya da ta Wudil suna can, shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa suna can. Mutumin Fagge ba sai ruwa ya shigo ɗakinsa zai ji a jikinsa ba.

Ga manyan madatsu biyu, me ya sa famfo yake bushe?

Ruwa a madatsa daban, ruwa a famfo daban. Sai an ɗebo shi daga kogi, an tace, an zuba alum da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, an tura shi da manyan injina ta bututu masu nisa. Kowane mataki wuta yake ci. Matatar Challawa ta farko tun shekarun 1930 take, wasu bututun cikin gari sun tsufa suna zubar da ruwa a hanya, jama'a kuma sun ninka sau da yawa.

Yanayi yana matsa wa wannan tsari ta fuska biyu. Da rani kogi yana ja da baya, yashi ya toshe bakin bututun ɗiba. Da damina ruwan yana zuwa jajir da laka, ya ci sinadari mai yawa, in ambaliya ta yi ƙarfi ta shiga ɗakin injina. Can cikin unguwa, bututun da ya fashe yana kwance a cikin kwata, in babu ruwa a cikinsa sai ya zuƙi na kwatar. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa.

Burtsatse ma tana da iyaka. Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsage-tsagen da ke ƙarƙashinsa ne, ba wani teku ba ne a kwance. Kowa na haƙa, kowa na zuƙa, an kuma rufe wuraren da ruwan sama yake shiga ya mayar da abin da aka ɗiba. Shi ya sa rijiyar da ta shekara talatin ba ta ƙafe ba yanzu take ƙafewa tun Maris.

Me ya sa sabon titi ba ya kai shekara uku?

Zafi yana tausasa kwalta, domin samanta yana iya haura digiri 60 da rana. Tirela mai lodin da ya wuce ƙa'ida ta bi, ta bar kwari biyu. Damina ta zo ruwa ya kwanta a kwarin, ya shiga tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da titin. Daga nan rami. Titin da ba shi da magudana a gefe, kwanansa ƙidayayye ne ko wane kamfani ya yi shi.

Babbar barazana tana ga kwalbati da gada a manyan hanyoyi. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar, ruwa ya rufe hanya a Lokoja, tankokin mai da manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, aka shiga layin mai a Abuja. Garin da fetur da dizal da kayan masarufinsa suke zuwa a mota daga kudu, shi kuma yake aika hatsi da dabbobi a mota, gadar da ta karye a wata jiha tasa ce.

Hazo fa? Ban da mura, me yake ɓatawa?

Ƙurar tana tasowa ne mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. In ta yi kauri matuƙin jirgi ba ya ganin titin sauka, sai a soke tashi ko a karkatar da jirgi. Tsofaffi suna tuna 22 ga Janairun 1973, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Rashin kyawun yanayi a Legas ne ya sa aka karkato shi nan. Na'urorin sauka sun ci gaba sosai tun daga lokacin, amma su ma sai da wuta da kulawa.

Ƙurar tana kwanciya a kan tangaran ɗin da ke riƙe da wayoyin wuta. In raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, sai wuta ta yi tsalle, layi ya faɗi. Tana toshe matatar iskar janareta. Bushewar iska kuma ita ce abokiyar gobara a kasuwa, inda waya ta yi wa rumfa yawa, hanya ta yi wa motar kashe gobara ƙunci, famfon da za ta ɗebi ruwa kuma babu komai a ciki.

Yaya abin yake shafar asibiti?

Marasa lafiya suna ƙaruwa a daidai lokacin da asibiti ya fi rauni. A bazara ga sanƙarau, wanda Kano ba za ta manta da annobarsa ta 1996 ba, ga tsofaffi da masu hawan jini da ciwon ƙoda da zafi ke kayarwa. A Bamako, wani babban asibiti ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na Afrilun 2024. Da damina ga zazzaɓin cizon sauro da kwalara.

Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8. Haka insulin na masu ciwon suga. Jini, na'urar iskar numfashi, kwalabar jarirai bakwaini, injin wankin ƙoda mai shan ruwa da wuta, babu wanda zai jira a gyara turke. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da na Murtala suna da janareta. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ƙaramin asibitin unguwa, inda ake karɓar haihuwa da fitilar waya.

Me ya haɗa hadari da rashin sabis ko tiransfa ta maƙale?

Kowane turken sadarwa yana da janareta da batir a gindinsa, dizal ɗinsa kuma mota ke kawowa. Wayoyin intanet da aka binne a gefen titi, zaizayar ƙasa tana tone su, masu gyaran hanya su tsinke. Yau da ɗan kasuwa a Singa da mai shayi duk suke karɓar tiransfa, rashin sabis rashin ciniki ne. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Wannan maganin ɓarawo ne, ruwa sai an yi masa nasa tanadin.

Ruwa da zafi ai daga Allah ne. Ba shiga hurumin ƙaddara ba ne wannan magana?

Daga Allah ne, babu musu. Amma a cikin Alƙur'ani aka ba mu labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, wanda aka sanar da shi shekara bakwai na fari suna tafe, bai ce a zauna a jira ba. Ya sa aka yi noma, aka ajiye hatsi a zangarniyarsa, aka tsara rabo. Wanda ya gina shago a kan magudana, ko ya karɓi kuɗin yashe kwata bai yashe ba, in ruwa ya ci gidan maƙwabci, akwai haƙƙi a kansa. Malamai suna da rawar takawa a nan, domin huɗuba ɗaya a kan zuba shara a kwata ta fi sanarwar rediyo goma shiga kunne.

Wa za a tambaya in abu ya lalace?

A nan ake yawan jefa mutane daga ofis zuwa ofis, don haka yana da kyau a sani. Manyan layukan wuta da tashar Kumbotso na kamfanin TCN ne, na tarayya. Daga nan zuwa taransfomar unguwa da mita, KEDCO ce, mai kula da Kano, Katsina da Jigawa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu tsarin. Ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne. Izinin gini da kare hanyoyin ruwa na KNUPDA ne, kwashe shara na REMASAB. Hasashen damina NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. NEMA da SEMA su ne masu agaji.

Kuɗi da doka ma ba a rasa ba. Akwai dokar sauyin yanayi ta 2021, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, akwai shirin dasa bishiyoyi na babbar koriyar ganuwa da Kano ke ciki. Abin da ya fi ƙaranci shi ne a ɗauki hasashen da aka fitar a Fabrairu a mayar da shi aikin da za a gama kafin Yuni.

Mu a unguwa me za mu iya yi da hannunmu?

Aikin gayyar yashe kwata a yi shi a Afrilu ko farkon Mayu, kuma a kwashe abin da aka fito da shi a ranar. In aka bar shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A fara daga inda ruwan yake fita, a biyo sama, in ba haka ba an tura wa na ƙasa ne kawai. Mai unguwa da kwamitin masallaci su san gidajen ƙasa da suka tsufa, da tsofaffi da marasa lafiyar da ke ciki, domin ruwan kwana uku a jere shi ke ka da katanga, yawanci cikin dare.

Taransfomar da take zaune a ƙasa a wurin da ruwa ke kwanciya, a rubuta takarda a nemi a ɗaga ta. A daina rataya sabbin layuka ba a sanar ba. In ruwa ya fara shiga gida, a kashe wuta daga babban makunni tun kafin ya kai soket, kuma kada yaro ya kusanci turke ko wayar da ta faɗo. Direban mota ko na adaidaita sahu kada ya shiga gadar ƙasa in ba ya ganin kwalta: ruwan da ya kai gwiwa yana iya ɗaga ƙaramar mota. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Mai sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin wurin ko kududdufi ne a da. Mai gini ya ɗaga daɓen ɗaki sama da titi, ya bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti, ya yi silin da tagogi masu fuskantar juna, ya ɗaure rufi da ƙarfe a jikin bulo maimakon ƙusa kawai. In akwai wuri a ƙofar gida a dasa darbejiya, amma nesa da layin wuta da bututun ruwa, kuma a kewaye ta saboda awaki har ta yi shekara biyu.